Ranar da Aka Auna Duron Gidana

Azumin bana ya sake faɗowa cikin bazara, irin bazarar Maiduguri da ba ta jin magiya. Tun hantsi bango yake ɗaukar zafi, kafin azahar ko ƙofar ƙarfe ba ka iya taɓawa. Ina kishingiɗe a gindin darbejiyar ƙofar gidana a Gwange, na jiƙa tawul na ɗora a ka, sai ga wani matashin malami ya tsaya da babur ya yi sallama. Ya ce lissafi yake koyarwa a sakandare, sun buɗe wa 'yan ajin ƙarshe wani darasi na lissafin da ake aiki da shi a kasuwa da gona da gini, amma iyaye sun noƙe. An gaya masa wai na taɓa yin irinsa tun ba a haife shi ba, shi ne yake so in zo taron iyaye in yi musu bayani.

Na ce masa ƙafata ke ciwo. Ƙafata lafiyarta ƙalau, Allah ya yafe mini, ga azumi a bakina. Taron iyayen nan da ya ambata ne, har yau in na ji shi sai kunnuwana su ɗauki zafi, in rasa inda zan sa idona.

Shekara talatin da wani abu ke nan, azumi ya zo a daidai irin wannan lokaci. Daminar da ta gabace shi ta yi gardama, gero ya fitar da kai ruwa ya ɗauke. Kogin Ngadda ya bushe ƙarƙaf, yara suna buga ƙwallo a tsakiyarsa. Famfon unguwarmu in ka murɗa sai ya yi tari ya yi shiru. Masu tura ruwa a kura, waɗanda muke kira mai moya, su suka zama manyan gari, sai ka bi mutum kana lallashi kafin ya juyo lungunku. Yanzu jikokina suna kukan zafi da ruwan leda mai sanyi a hannu, ga fanka tana juyawa da hasken rana. Mu a lokacin randa ce kawai, a naɗe ta da buhu a yayyafa masa ruwa, a kuma jiƙa tabarma a kwanta a kai, kafin ka juya ta bushe.

Ni kuwa a shekarar ina ji da kaina. Tun da kaka na sayi gero na cika wani babban duro na ƙarfe, na zauna na buga lissafi: ni, da matata Falmata, da mahaifiyata, da yara uku, zai kai mu bayan Sallah har da rara. Na yi wa abokan aikina gori na gaji, ina cewa ga amfanin lissafi, wasu sai yunwa ta ƙwanƙwasa ƙofa suke tuna akwai kasuwa. Ana nan sai ga iyalin baffana daga ƙauye, gonarsu ba ta ba da ko iri ba. Na tsaya a tsakar gida na buɗe baki na ce, "Gidan nan gidanku ne, abinci sai kun gaji da ci." Albashi kuma a lokacin yana zuwa ne sanda ya ga dama.

Duron yana ɗakin ajiyar Falmata. Jefi-jefi nakan leƙa in ɗaga murfi, in ga gero yana sauka a hankali kamar mai jin kunya, har lokacin bai sauka zuwa rabi ba. Sai in rufe in ce albarka ce. Ni mai koyar da lissafi, baki ya ƙaru kusan ninki, ban sake zama na buga ba.

Falmata ba ta da yawan magana, amma aikinta ba ya tsayawa. Kafin asuba ta tashi ta ɗumama sahur. Da hantsi ita da matar baffana su surfa gero, su wanke, su shanya, rana tana dukansu. Bayan azahar ka ji turmi yana amsawa daga kowane gida a lungun, a hankali, irin dakan masu azumi. La'asar na yi hayaƙi ya tashi, ƙamshin tsamiya da na ƙosai su cika unguwa, a lokacin ne miyau yake ƙafewa gaba ɗaya, harshe ya zama kamar guntun fata a baki. Duk rintsi kuma sai ta share tsakar gida ta sa turaren wuta, wanda ya shigo zai rantse gidan wani attajiri ne. Abu ɗaya na lura da shi, kunu yana ta yin ruwa.

"Wai wannan kunu ne ko ruwan wanke ludayi?" na ce mata wata rana.

"Zafi ne, Malam," ta ce. "Mai kauri ƙishi yake ƙarawa."

Na yarda, har na yaba mata da dabara.

A makaranta kuwa yaƙi nake yi. Na gaji da ganin ƙatti da 'yan mata masu shirin fita sakandare, sun haddace ƙa'idoji fal ka, amma ka ce su faɗi yawan bulon da zai gina ɗaki sai su zuba maka ido. Shi ne na ƙirƙiro darasina, na sa masa suna Lissafin Zaman Duniya. Yara suka sa masa Ajin Yawo. Na bi aji-aji ina talla kamar mai maganin gargajiya, na bi iyaye har shagunansu. Muka auna tankin makaranta muka gano ruwan da yake ci. Muka auna tsawon bishiya da inuwarta ba wanda ya hau. Na kwashe su zuwa Kasuwar Kifi ta Baga Road, suka yini cikin ƙarni da ƙuda suna gano kifi nawa kwali yake ɗauka, da nauyin da yake raguwa in ya ƙara bushewa. Dokata ɗaya ce, kullum sai na maimaita ta: ba ma ƙirƙirar lamba, abin da hannu ya auna shi alli zai rubuta.

Gwanar ajin wata yarinya ce, Rifkatu, 'yar wani akawu mutumin kudancin Borno. Siririya, ba ta da hayaniya, amma kafin in gama rubuta tambaya ta gama amsa. Da ita nake yi wa kowa baki.

Da azumi ya kama sai wata dabara ta zo mini, ina ta murna da ita. Na ce kowane ɗalibi ya je gida ya auna hatsin da ke gidansu, ya ƙirga masu ci, ya gano ko zai kai Sallah. Kai, ashe wuta na kunna! A garin nan ka aiki yaro ya zura sanda a hatsin uwarsa, ya ƙirga bakin da ke ci, ya kawo wa malami? Wasu suka ce awo yana kore albarka. Wasu suka ce tonon asiri ne ƙiri-ƙiri. Wata tsohuwa ta bi jikanta da muciya har waje. Kafin mako ya zagayo ƙorafi ya cika ofishin Firinsifal.

Firinsifal ɗinmu dattijo ne mai sanyin hali, shi ma lissafi ya karanta, kuma tun farko bai so darasin ba, yana ganin ɓata lokacin jarrabawa ne. Ya kira ni ya ce, "Malam Bukar, ranar Asabar akwai taron iyaye. Ka zo da yaranka ka nuna musu abin da kuke yi. In sun gamsu, to. In ba su gamsu ba, an rufe."

Ranar Asabar ɗin rana ta fito da fushi. Zauren taron rufin kwano ne, ba silin, zafi yana sauka a ka kamar ana guga. Iyaye sun cika benci, kowa na fifita da abin da ya samu, leɓe duk ya bushe. Har Kiristocin cikinsu ba wanda ya fito da ruwa, saboda kara. Na tashi na yi ta zuba, na kawo tanki, na kawo bishiya, na kawo kifi. Ban kai ƙarshe ba Alhaji Modu ya ɗaga hannu. Shi ne shugaban iyaye, babban dillalin kifi a Baga Road, mutum mai barkwanci da kaifin baki, 'yarsa Yagana tana ajina.

"Malam, duk mun ji," ya ce. "Kifina ku auna har ku gaji. Amma hatsin gidan mutum fa? Kai da ka ce ba komai ba ne, naka an auna?"

Aka yi dariya. Ni kuwa Allah ya yi ni da saurin hawa, ga azumi, ga zafi.

"Alhaji, gidana yana bayan katangar nan," na ce. "A je a auna yanzu. Ni ba ni da abin ɓoyewa."

"A'a, Malam, ba a haka."

"Wallahi sai an auna! Rifkatu, Yagana, ku ɗauki tef da sanda."

Firinsifal ya yi mini ido, na kau da kai. Ai ni a sanina duro yana nan kusan rabi, so nake su gani su san malamin lissafi ba ya kwana da shakka. Ko a raina ban kawo cewa akwai mai ɗakin da ya kamata a tambaya ba. 'Yan matan suka fita, ni kuma na ci gaba da bayanin yadda ake yi: a auna faɗin bakin duro, a zura sanda har ta taɓa ƙasa, a ja layi da alli inda gero ya tsaya, daga nan a san mudu nawa ne, a raba da abin da gida yake ci a yini.

Suka daɗe. Da suka dawo Yagana ta raɓe a bakin ƙofa da sanda a hannu, Rifkatu ta wuce wurin allo ba ta dube ni ba. Ta rubuta faɗi, ta rubuta zurfi, ta ninka, ta raba. Ta juyo ta ce da murya ƙasa-ƙasa, "Geron gidan Malam zai kai Sallah."

Wasu suka gyaɗa kai. Da na bar maganar a nan da shi ke nan. Amma ina! Sai na karɓi sandar daga hannun Yagana na ɗaga ta sama.

"Mu ba ma ƙirƙirar lamba," na ce. "Ga shaida. Ranka ya daɗe, duba da kanka."

Na miƙa wa Firinsifal. Ya gyara tabarau, ya ɗora tef a kan sandar, ya dubi allo, ya sake duban sandar.

"Malam Bukar, layin allin nan ko taƙi ɗaya bai cika ba. Ita kuma ta rubuta kusan rabin duro."

Zauren ya ɗauki guna-guni. Alhaji Modu ya tuntsire da dariya.

"To fa! Gwanar ke nan? Shekara guda ana gasa mana yara a rana, tef ma ba su iya karantawa ba!"

Idona ya rufe. Ban tsaya na dubi sandar ba, ban yi tunanin komai ba, abin da na gani kawai shi ne yarinyar da nake taƙama da ita ta kunyata ni a gaban jama'a. Na juya kanta.

"Ke! Wanne ne daidai, sanda ko allo?"

Ta ƙura wa allin da ke hannunta ido.

"Da ke nake magana!"

"Malam, kuskure na yi," ta ce. "A bar shi a haka."

"Ba za a bar shi ba. Ke ba kya irin wannan kuskuren. Me kika gani a duron?"

"Malam, don Allah."

Mahaifinta yana zaune a benci na biyu, na ga ya sunkuyar da kai. Na daka mata tsawar da ban taɓa yi wa ɗalibi ba, na ce in ba ta faɗa ba kada ta sake shiga ajina. Sai hawaye suka zubo mata, ta yi magana tana kallon ƙasa, amma zauren ya yi tsit har na baya sun ji.

"Sandar ba ta kai ƙasa ba, Malam. Akwai bulo a ƙasan duron, an kifa daro a kai, an ɗora faifai. Geron a saman faifan kawai yake. Mama ta ce kada mu gaya maka."

Ban san tsawon lokacin da na yi a tsaye ba. Na ji gumi yana bin bayana, sanyi ƙalau. Kunun nan mai ruwa ya faɗo mini a rai, da geron da yake sauka a hankali, da albarkar da nake ta yi wa godiya. Ashe Falmata ce take ɗaga ƙasan duro duk sanda gero ya ja baya, don in na ɗaga murfi hankalina ya kwanta, don kada baƙina su leƙa su ji sun zama kaya. Ni kuma na aiko mata da tef da sanda.

Ba wanda ya yi tari. Masu fifita ma sun daina. Na rasa abin yi da jikina, sai na ga hannuna ya ɗauki alli. Na goge zurfin da Rifkatu ta rubuta, na sa na gaskiya. Na ninka, na raba, a gaban iyaye da ɗalibai, allin yana ƙara a kan allo. Amsar ta fito, geron ba zai kai Juma'a ba. Na ja mata layi biyu a ƙasa yadda na saba, don ban san yadda ake tsayawa ba.

"Innalillahi," in ji Alhaji Modu. Ya cire hula ya share goshi. "Malam, wallahi ni wasa nake. Wallahi wasa nake."

Da ma zagina ya yi. Firinsifal ya miƙe ya ce, "Ina ganin darasi zai ci gaba. Akwai mai magana?" Mutanen da suka zo da shirin yaƙi suka fita ɗaya bayan ɗaya, kowa yana kauce wa idona, wasu su dafa kafaɗata su wuce. Darasin ya ci gaba kuwa, na yi shekaru ina koyar da shi, yara da yawa sun ci abinci da shi, Rifkatu ma awon filaye ta karanta daga baya. Amma har na yi ritaya ban san ko gamsuwa aka yi a ranar ko tausayina aka ji ba, kuma ban taɓa samun ƙarfin tambaya ba.

Ban tafi gida kai tsaye ba. Na zauna a masallacin unguwa daga azahar har la'asar, ina jin kamar duk wanda ya shigo labarina yake ɗauke da shi. Da na shiga gida na tarar an fito da bulon an jera a jikin bango, daron yana kife a gefe. Baffana da iyalinsa sun shige ɗaki sun saki labule. Falmata tana tankaɗe a inuwar katanga, ba ta ɗago ba.

"Me ya sa ba ki gaya mini ba?" na ce. Har a lokacin bakina bai mutu ba.

"In gaya maka ka yi yaya? Ka kori baffanka?" Ta buga rariya a tafin hannu. "Ina ta sayar da kwanukan aurena ina cikawa da mudu-mudu, da mun lallaɓa har albashi ya zo. Ni ina rufa maka asiri da ruwa a cikin kunu, kai ka je ka buɗe shi da alli."

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ci gaba da tankaɗenta.

Rana ta yi ja, sai aka fara sallama. 'Yan matan ajina ne, ɗaya bayan ɗaya, kowace da kwano a rufe, ta ajiye a bakin zaure ta juya da sauri ba ta bari mu haɗa ido ba. Burabusko, ƙosai, kunun gyaɗa mai kauri. Mahaifiyar Rifkatu, wadda ba azumin take yi ba, ta aiko da tuwo da miyar kuka. Daga ƙarshe wani mai kura ya sauke buhun gero da ƙullin busasshen kifi, ya ce an hana shi faɗin wanda ya aiko, alhali ƙamshin kifin ya riga ya gaya wa duk lungun. Maƙwabta suna zaune a ƙofar gidajensu suna jiran kiran salla, komai a kan idonsu aka yi.

Na ce a mayar. Na ce ni ba mabaraci ba ne, ba abin da zai shiga bakina. Ba wanda ya kula ni. Aka kira salla, na sha ruwa, na zauna a kan tabarma na juya wa kwanukan baya. Falmata ta raba wa yara, ta kai wa mahaifiyata, ta kai wa baƙi. Sannan ta ajiye kwano ɗaya a gabana ta buɗe.

"Ci, Malam," ta ce. "Ai an riga an gani."

Ta ɗauki nata ta koma gefen randa ta zauna, ta ɗan juya mini baya. Ina kallonta ta gefen ido. Matar da ban taɓa ganin ta yi gaggawar loma ba, tana ci ko taunawa ba ta tsayawa yi. Wuyan hannun nan ya rame har awarwaro yana zamewa zuwa gwiwar hannu, kuma a gida ɗaya muke kwana ban gani ba sai ranar.

Na jawo kwanon gabana. Abincin sadaka ne, an kawo shi gidan malamin lissafi a gaban duk unguwa, kuma wallahi na cinye shi tas.